Tambaya da Amsa: Kafin a Shiga Kwale-kwale a Dam

Yawancin wasiƙun wannan karo a kan abu ɗaya suke: fita shan iska a kwale-kwale a manyan madatsun ruwanmu, musamman lokacin hutun makaranta da bukukuwan Sallah. Mun zaɓi bakwai mun taƙaita, ga kuma amsoshinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna shirin kai ɗalibai 40 Dam ɗin Tiga a ƙarshen zango, kuma yaran sun nace sai an zaga da su a kwale-kwale. Wurin wa za mu nemi izini, me kuma ya kamata mu duba? (Wani malamin sakandare, Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Madalla da ka yi tambaya tun ranar ba ta zo ba. Tiga babban ruwa ne. An kammala shi a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma idan ya cika yana shafe fili kimanin murabba'in kilomita 178. Yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, don haka ita za ku rubuta wa takarda da sunan makaranta, ku faɗi rana da adadin yara, ku kuma faɗi ƙarara cewa kuna son shiga ruwa. A takardar amincewar iyaye ma a rubuta kalmar kwale-kwale. Uban da ya sa hannu a kan "ziyarar dam" bai yarda a sa ɗansa a ruwa ba.

Bayan takarda, mutum biyu daga cikinku su je wurin mako guda kafin ranar, su fara da gaida Sarkin Ruwa. Shi ya san matuƙin da ya iya da wanda ke koyo, shi ya san inda kututture suke. Ku ce a nuna muku ainihin jirgin da yaran za su shiga. Ku leƙa cikinsa. Idan na katako ne, ku danna katakon ƙasa da na gindin inji da tsinin sukudireba. Inda ya lotsa, ya ruɓe. Idan kun ga an ajiye yaro na musamman don kwarfar ruwa ba hutawa, ku nemi wani jirgin. Sannan ku ƙirga rigunan ruwa da hannunku, ku ware masu girman yara.

Sai batun adadi, wanda a nan ake asarar rayuka. Jirgin kamfani yakan zo da ɗan allo kusa da mazaunin matuƙi mai nuna yawan mutane da nauyin da zai ɗauka. Idan babu, ga lissafin da ake yi wa ƙaramin jirgin da bai kai ƙafa 20 ba: a ninka tsawo da faɗi a ƙafa, a raba da 15. Jirgi mai tsawon ƙafa 18 da faɗin ƙafa 5 zai ɗauki mutum 6 ke nan, har da matuƙi, kuma a ruwan da ya kwanta. Babban kwale-kwalen katako ba a yi masa wannan lissafi, sai a dubi gefensa bayan kowa ya zauna. Shawararmu ita ce tsakanin ruwa da bakin jirgi kada ya gaza ƙafa ɗaya, wato santimita 30. Idan ya gaza, a rage mutane, ko matuƙi zai yi rantsuwa cewa jiya ya ɗauki ninkin haka.

Ka tuna abin da ya faru a Dam ɗin Watari da ke Bagwai ranar 30 ga Nuwamba 2021. Kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara, kuma hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Allah ya jiƙansu. Jirgin da aka cika ba ya buƙatar guguwa kafin ya kife. Ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta tsallako ciki. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwan da ya shiga jirgi ba ya zama wuri ɗaya: duk gefen da jirgi ya karkata, can zai kwarara, ya ƙara danne shi. Yara su tsorata su miƙe su koma ɗaya gefen gaba ɗaya, shi ke nan jirgi ya juye.

Saboda haka ku kasa yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni da malami a ciki. A bar malami ɗaya a gaɓa riƙe da jerin sunaye, yana kira lokacin shiga da lokacin fita. Ana shiga ɗaya bayan ɗaya, ana taka tsakiyar jirgi, ba bakinsa ba. Ba mai miƙewa don ɗaukar hoto, ba mai sauya wuri. Matuƙi ya bi gefen gaɓa, babu dalilin ratsa tsakiya da yara. Ku yi da safe, a gama kafin azahar, don iska ta fi tashi da yamma.

TAMBAYA: Mukan je Dam ɗin Dadin Kowa ni da maigida da yara uku. Ina son sayen rigunan ruwa namu na kanmu, amma na ga iri-iri a kasuwa. Wacce ce ta ƙwarai? Ana kuma iya sa ta a kan hijabi? (Wata uwa, Gombe)

AMSA: Hajiya, kin yi tunani mai kyau, domin rigar haya sau da yawa ta sha rana ta gaji. Ki dubi tambarin da ke cikin rigar, za ki ga lamba da harafin N, wato awon ƙarfin da rigar ke ɗaga mutum a ruwa. Mai 50N ta masu wasan ruwa ce da suka iya iyo kuma suke kusa da mai ceto. Ba ta juya mutum idan ya suma. Mai 100N ita ce mafi ƙaranci da za ki saya don dam, tana da abin wuya mai tallafe kai. Mai 150N ta fi ta, domin an yi ta ne ta juyar da wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. Kada ƙanƙantar lambar ta dame ki: 100N na ɗaga kimanin kilo 10 ne kawai, amma a cikin ruwa nauyin babban mutum kilo kaɗan ne, aikin rigar shi ne riƙe baki da hanci a sama. Ki ɗauki mai soso a ciki, launin ruwan lemo ko rawaya, da usur a jiki. Masu kumbura da iskar gas suna buƙatar a riƙa duba tulun gas ɗin, kuma ba su dace da ƙananan yara ba.

Ta yara da nauyi ake zaɓa, ba da shekaru ba. Ki auna kowane yaro, ki sayi wadda nauyinsa ya faɗa cikin abin da aka rubuta. Kada ki sayi babba wai don ya girma da ita. Dole ta zo da igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi. In babu ita, yaro na faɗawa ruwa rigar za ta haye kansa, shi ya zame ta ƙasa. Ga gwaji: ki ɗaure duk maɗauran, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama. Idan ta haura haɓarsa ko kunnuwansa, ta yi yawa ko ba ta ɗauru ba.

Game da hijabi, a sa rigar a samansa, a tattara bakinsa a cusa ciki. Dogon hijabi mai jan ƙasa, da mayafi, da babbar rigar maigida, idan sun jiƙe suna naɗe hannu da ƙafa, kuma bakin mayafi na iya kai wa farfela idan an zauna kusa da inji. Gajeren hijabi da wando a ƙarƙashin zane sun fi a ranar. Goyo kuwa a kwance shi kafin a shiga: uwa mai rigar ruwa rigingine take kwanciya a ruwa, abin da ke bayanta yana ƙasa. Jaririn da bai kai nauyin ƙaramar riga ba a bar shi a gaɓa.

Bayan an dawo a ɗauraye rigunan, a shanya a inuwa. Kada a mai da su matashin zama, soson da ya danne ba ya komawa daidai.

TAMBAYA: Ni a bakin kogi na tashi, na iya iyo sosai. Me zan yi da riga? (Wani matashi, Wudil)

AMSA: Ɗan'uwa, iyon da ka sani shi ne wanda ka tuɓe da kanka ka shiga. A hatsari kana cikin kaya da takalmi, wataƙila bakin jirgi ya buge ka a kai, kuma mutum uku da ba su iya ba sun riƙe ka. Gaɓar da kake hange a dam takan ninka nisan da ido ya ƙiyasta. Ba a kuma iya sa riga bayan an faɗa ruwa, ko gwani ne sai ya sha wuya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, ta wajabta rigar a kan kowa, ba ta ware wanda ya iya iyo ba. Gwaninta ma za ta fi amfani idan kana da riga, domin hannayenka biyu za su samu damar taimakon wani.

TAMBAYA: Na sayi tsohon jirgin faiba da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, don fita da abokai a tafkin Kainji ranakun hutu. Wace takarda nake buƙata, wane kaya kuma ya zama dole? (Wani ɗan kasuwa, Yauri)

AMSA: Alhaji, Allah ya sa alheri. Fara da ofishin NIWA na nan Yauri. Hukumar, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke rajistar jirage da ba matuƙa lasisi, kuma dokar sufurin ruwa ta 2023 ta hana lodi fiye da kima, tuƙi cikin maye, da tafiyar dare. Jirgin shaƙatawa ma jirgi ne. Idan za ka shiga ɓangaren gandun dajin Kainji, nemi izinin hukumar gandun daban.

Kainji ba wurin koyon tuƙi ba ne kai kaɗai. Tun da aka tare kogin Kwara a 1968 tafkin ya kai tsawon sama da kilomita 130, ya shanye dazuzzuka da tsohon garin Bussa. Itatuwan da ruwa ya cinye har yau kututturensu na nan tsaye, kuma idan ruwa ya ja baya suna zuwa dab da sama ba a ganinsu. Hanyar da ka bi lafiya a Nuwamba tana iya fasa maka jirgi a Yuni. Ɗauki matuƙin da ya san tafkin na wasu watanni, ka koyi hanyoyi a wurinsa. A wannan ruwa ne, ranar 26 ga Mayu 2021, jirgi mai ɗauke da mutum sama da 150 ya tsage a hanyarsa ta zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, 'yan kaɗan suka tsira.

Kayan da ba a tashi sai da su: riga ga kowa, filafili biyu, bokitin kwarfa ɗaure da igiya, anga, igiyar jifa mai tsawon mita 20 da abu mai yawo a bakinta (jarka mai murfi ta wadatar), tukunyar kashe gobara mai hoda, tocila, usur, wuƙa, kayan agajin farko, ruwan sha, da waya a leda mai zuge. Na inji kuma: fulogi biyu da sifanarsu, igiyar tayar da inji, farfela ta ajiya da notinta da fil. Igiyar anga ta kai ninki 5 zuwa 7 na zurfin wurin. A ruwa mai zurfin mita 6 kana buƙatar mita 30 zuwa 42. A gaban jirgi ake ɗaure anga. Wanda ya ɗaure a baya ya juya wa igiyar ruwa wurin da ya fi ƙasa, ga nauyin inji, sai ruwa ya hauro.

Injinka idan mai haɗa fetur da baƙin mai ne, awon da aka saba shi ne 50 da 1, wato mililita 100 na mai a lita 5 ta fetur, mililita 500 a jarka mai lita 25. Tabbatar da littafin injin, ka kuma yi amfani da man injin jirgi, ba na babur ba. Mai ya yi kaɗan, inji ya ƙone. Ya yi yawa, fulogi ya toshe. Buɗe ƙaramar kafar iska ta murfin tanki kafin ka tashi, mantawa da ita na kashe inji bayan 'yan mintuna. Da inji ya tashi, dubi siririn ruwan da yake fesowa ta baya. In bai fito ba, kashe nan take: ko ciyawa ko leda ta toshe mashigar ruwa, ko robar famfo ta cinye. Robar nan a sauya ta duk shekara, kuma kada a taɓa tayar da inji a tudu ba ruwa, cikin daƙiƙu take lalacewa. Fetur a kasa shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Ba a zuba mai inji na aiki, ba a shan taba kusa da tanki.

Jar igiyar nan mai kashe inji kuwa, wadda matuƙa da yawa ke naɗewa a jikin hannun inji su manta, a wuyan hannunka ko a rigarka take zama. Idan ka faɗa ruwa ba ta jikinka, jirgin zai riƙa kewayawa da kansa, farfela na dawowa inda kake.

Ƙa'idar hanya kaɗan ce. Idan kun yi gaba da gaba da wani jirgi, kowa ya karkata damansa. Idan hanyoyinku za su gitta, wanda ke damanka shi ke da hanya. Mai son wucewa shi ke kaucewa. Rage gudu sosai kusa da kwale-kwalen filafili, domin igiyar ruwan da jirginka ke tayarwa ta isa ta kifar da masunci. Jerin robobi ko guntayen soso a kan ruwa alamar ragar masunta ce (kalli) ko jerin ƙugiyoyinsu (mamari). Kewaye ta nesa. Kafin ka tashi, gaya wa wani a gaɓa inda za ka, ku nawa ne, da lokacin dawowa, ka kuma dawo kafin 6 na yamma.

TAMBAYA: Wane lokaci ne ya fi hatsari a shekara, kuma me za a yi idan hadari ya taso ana tsakiyar ruwa? (Wani mai karatu, Talata Mafara)

AMSA: Malam, farkon damina da ƙarshenta, wato wajen Mayu zuwa Yuni da Satumba zuwa Oktoba. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, kuma iskar tana riga ruwan sama isowa. A dam mai faɗi irin Bakolori ko Goronyo iska na samun fili mai tsawo, sai ta tara igiyoyi gajeru masu tsayi, suna dukan jirgi a jere ba ya samun sararin miƙewa. Duba hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da safe, sannan ka riƙa waiwayen gabas. Da ka ga ta yi baƙi, ko iska ta ɗauke cak sannan sanyi ya biyo, nufi gaɓa mafi kusa, ba sai wadda ka taso ba. Ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Ƙasa da daƙiƙa 30, ka riga ka shiga inda aradu ke kaiwa. Bayan tsawa ta ƙarshe a jira minti 30 kafin a koma.

Idan ta riske ku, kowa ya zauna a ƙasan jirgi ta tsakiya, mutum ɗaya na kwarfa. Rage gudu amma kada ka kashe inji. Fuskanci igiyar ruwa a ɗan karkace, kamar digiri 45, kada ka ba ta gefe. In inji ya mutu, jefa anga ta gaba. In zurfi ya yi yawa, ɗaure bokiti da igiya a gaban jirgi ka sake shi, zai riƙe hancin jirgin yana kallon iska. Lokacin hunturu kuma hazo ne matsala: gaɓa takan ɓace, mutum ya yi ta kewaye har mai ya ƙare. Ranar hazo mai kauri a haƙura.

TAMBAYA: Me ya sa ake korar mu daga kusa da bangon dam, alhali nan ne ruwa ya fi kwanciya, kifi ma ya fi yawa? (Wani mai kamun ƙugiya, Shiroro)

AMSA: Sama ce ta kwanta, Malam, ƙasa tana gudu. A Shiroro, Kainji da Jebba, ruwan da ke juya injinan lantarki ta ƙarƙashi ake zuƙarsa, kuma ƙarfin jan na sauyawa duk lokacin da aka ƙara inji. Idan dam ya cika wajen Satumba aka buɗe ƙofofi, jirgin da injinsa ya mutu a kusa ba filafilin da zai fitar da shi. Ta ƙasan dam kuma ruwa kan hau cikin 'yan mintuna, sannan wanda ya zubo yana nannaɗewa ya koma baya, ya riƙe mutum ko da riga a jikinsa. Duk inda aka ja igiya ko aka kafa allo, iyakarka ke nan. In ka ji jiniya, fita daga ruwa.

TAMBAYA: Idan mutum ya faɗa ruwa ko jirgi ya kife, me ake fara yi? A garinmu danna cikin mutum ake yi don ruwa ya fito. (Wata ma'aikaciyar lafiya, Ƙaraye)

AMSA: Malama, idan mutum ɗaya ne ya faɗa, wani ya tsaya yana nuna shi da hannu ba ya kau da ido. A jefa masa abu mai yawo. Matuƙi ya kewayo a hankali yana fuskantar iska, ya kashe inji kafin a kai gare shi. Miƙa filafili ko jefa igiya ya fi tsalle cikin ruwa, don mai nutsewa danne mai cetonsa yake yi. A sani kuma sau da yawa ba ya ihu: kai a ɗage, baki na shiga ruwa yana fita. Ba duka mutane za su taru gefe ɗaya don jawo shi ba.

Idan jirgi ne ya kife, a riƙe shi. Na katako da yawancin na faiba ba sa nutsewa gaba ɗaya, kuma masu ceto sun fi hango jirgi a kan kan mutum. A ƙirga kai, a leƙa ƙarƙashi ko yaro ya maƙale, a busa usur, a kira lambar gaggawa ta 112 da lambar Sarkin Ruwa.

Danna ciki kuwa a daina. Abin cikin tumbi yake turowa, ya koma huhu, ga ɓata lokaci. Ratayewa kai a ƙasa ma haka. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓa, a duba numfashi na daƙiƙa 10. In babu, a toshe hanci a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfi santimita 5 zuwa 6 ga babba, sulusin kaurin ƙirji ga yaro. In ya yi amai a juya shi gefe a share baki a ci gaba. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti, domin huhun da ya sha ruwa na iya rikicewa bayan sa'o'i. Tari, haki ko yawan barci alamu ne.

Tun da a asibiti kike, ƙara da wannan: yaron da ya yi wanka a gefen Dam ɗin Challawa ko wani dam, daga baya aka ga jini a fitsarinsa, a gwada shi don tsargiya. Maganinta praziquantel ne, kuma da nauyin jiki ake auna shi.